Ya ce lafiyarsa lau: yadda za a shawo kan mai taɓin hankali ya karɓi magani

Wata 'yar'uwa daga wani ƙauye kusa da Suki a Sudan ta aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum, Likita. Ƙanena saurayi ne mai natsuwa, shi ke riƙe da hawashar gidanmu, wato gonarmu, tun rasuwar Baba. Tun da muka dawo daga gudun hijira ya sauya. Ba ya barci, yana magana shi kaɗai, ya ce maƙwabta na sa masa guba, ko abincin Inna ba ya ci sai ya ga ta ɗanɗana. An yi masa rubutu da hayaƙi, ya ɗan lafa, abin ya dawo. Da zarar an ambaci asibiti sai ya harzuƙa, ya ce lafiyarsa lau, mu ne marasa lafiya. Kawu ya ce a sa masa mari a kai shi masid, wato makarantar shehu, wata maƙwabciya kuma ta ce mu riƙa zuba masa ƙwaya a shayi. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba shi lafiya, Ya ƙara muku haƙuri, ke da Inna.

Kafin komai, a taɓa jikinsa. Idan ruɗewa ta zo farat ɗaya cikin kwana biyu ko uku, da zazzaɓi, ko sanƙarewar wuya, ko jijjiga, ko mutum ya kasa gane dare da rana, to wannan aikin asibiti ne a ranar, domin zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa da sanƙarau da taifot duk suna juya hankali, kuma suna kisa. Amma abin da kika kwatanta, wanda ya ɗauki watanni yana ruruwa, ya fi kama da ciwon da ke sa mutum jin muryoyin da babu su da sakankancewa da abin da bai faru ba. Likitan da ya zauna da shi ne zai iya raɗa wa ciwon suna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mafi tsananin irinsa, wato sikizofiriniya, yana kama kusan mutum 1 cikin 300, kuma ya fi farawa ne a ƙuruciya. Tashin hankalin da mutanen Suki suka gani daga Yulin 2024 zuwa Oktoban shekarar, da wanda dangi na Damazin da Rusairis suka gani a 2022, ya isa ya tono ciwon da ke kwance. Bango (wiwi) da tramadol ma suna tono shi, don haka a bincika a asirce ko yana taɓawa, ba don a tozarta shi ba, don likita ya sani.

Ga abin da nake so ki riƙe fiye da komai. Cewar da yake yi lafiyarsa lau ba taurin kai ba ne, ba kuma raini ba ne. Wani yanki ne na ciwon kansa. Ƙwaƙwalwar da ya kamata ta gaya masa cewa wani abu ya ɓaci, ita ce ta kamu. Muryar da yake ji, a kunnensa tana nan ras kamar yadda kike jin kiran salla. To wanda ke cikin wannan hali, idan 'yan gida suka taru suna cewa "ka amince ba ka da lafiya", abin da yake ji shi ne: su ma sun shiga cikin masu ƙulla masa makirci. Kowace gardama da kuka ci, kun yi asarar wani abu daga yardar da ya rage muku a wurinsa, alhali yardar nan ita ce kaɗai abin da zai kai shi gaban likita da ƙafarsa.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Xavier Amador, ya shafe shekaru yana jayayya da yayansa mai irin wannan ciwo, ba abin da ya samu sai nesanta. Daga baya ya sauya salo, ya kuma rubuta littafi a kai a shekarar 2000. Abin da ya koyar a taƙaice shi ne a daina neman marar lafiya ya furta cewa ba shi da lafiya. Mutane da yawa suna shan magani shekara da shekaru, suna noma, suna da iyali, ba su taɓa yarda da sunan ciwon ba. Sun sha ne saboda wani dalili nasu na kansu, kuma saboda wani mutum da suka amince da shi.

Saboda haka aikinki na makonnin farko saurare ne. Ki same shi da sanyin yamma a ƙarƙashin rumfa, ki zauna a gefensa maimakon tsaya masa a ka, ku biyu kawai. In ya ce ana sa masa guba, kada ki ce ƙarya ne, kada kuma ki ce gaskiya ne. Ki ce: "To ka ce tsoron cin abinci kake yi. Wallahi wannan abu da wuya, mutum yana jin yunwa ya kasa ci." Ba ki gaskata maganar guba ba, tsoronsa kika gaskata, shi kuwa tsoron na gaske ne. In ya ritsa ki da tambaya, "Ke ma kin yarda suna sa min?", ki amsa da gaskiya cikin taushi: "Ni ban gani ba, ƙanena, kuma ina kallon abin daban da kai. Amma ba zan yi faɗa da kai a kan wannan ba. Abin da ya dame ni shi ne ramar da kake yi." Daga nan ki yi shiru. Shirun yana da wuya, na sani, musamman ga yayar da ta goya shi.

Cikin wannan saurare za ki tsinci ƙorafin da shi da kansa ya yarda da shi. Kusan kullum akwai. Galibi rashin barci ne. Wani ciwon kai ne, wani bugun zuciya, wani kuma takaicin ganin hawasha ta cika da ciyawa ya kasa fita. Ta wannan ƙofa za ki shiga: "Kwana nawa rabonka da barci? Mu je a duba wannan, ko ka samu ka runtsa ka koma gona." Wannan ba yaudara ba ce, tun da rashin barcin gaskiya ne kuma maganin zai taimaka masa. Sai dai kada ki ce za ku je kasuwar Sinja ya tsinci kansa a gaban likita. Ki kuma bar masa zaɓi gwargwadon iko: ran Lahadi ko ran Talata, da ke za a je ko da abokinsa. Wanda ciwo ya ƙwace masa iko da tunaninsa yana matuƙar riƙe ɗan ikon da ya rage.

Ba lallai ke ce za ki yi maganar ba. Ki duba wanda har yanzu yake jin nauyinsa: malaminsa na allo, wani baffa, abokin da suka tashi tare, ko kakarsa da suke wasa. A guji taron dangi inda mutum goma za su kewaye shi kowa na jefa tasa. A kuma hana yaran gida da na unguwa kiransa da sunan hauka, ko a bayan idonsa. Yana ji.

Batun malam kuwa, ban ga dalilin da za a sa iyali su zaɓi tsakanin addu'a da ƙwaya ba. A nan Sudan an daɗe da haɗa su. Dakta Tijjani al-Mahi, wanda aka haifa a Kawa a 1911, shi ne likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Sudan, ya buɗe asibitinsa a Bahri a 1949, kuma babban asibitin ƙwaƙwalwa na Omdurman sunansa yake ɗauke da shi. Shi da magajinsa Dakta Taha Ba'ashar ba su ɗauki shehunan masid abokan gaba ba. Sun yi hulɗa da su, irin na Umm Dubban, saboda sun gane cewa can mutane ke fara kai marasa lafiyarsu. A Najeriya ma Dakta Adeoye Lambo ya bi irin wannan hanya a Aro ta Abeokuta tun 1954, inda marar lafiya ke zaune a ƙauye tare da danginsa yana karɓar magani. Don haka ki je wurin malamin da ya yi masa rubutu, ki nemi alfarma: ya ce masa da bakinsa, "Za mu ci gaba da addu'a, kai kuma ka je ka ga likita, neman magani ba ya karo da tawakkali." Kalma ɗaya daga malamin da yake girmamawa takan yi abin da wata guda na roƙonku bai yi ba. Malamin da za ku guje wa shi ne wanda zai ce a ajiye maganin asibiti, ko a yi masa bulala don a kori aljani, ko a hana shi abinci mai gina jiki.

Ki gaya wa Kawu, cikin ladabi, cewa mari ba ya warkarwa. Na san ba mugunta ta sa ya faɗa ba, tsoro ne da gajiya. Amma ƙarfe yana cin idon sawu har ya zama gyambo, ƙafa takan sanƙare, kuma yaron da ke cewa ana farautarsa, ranar da danginsa suka danne shi suka ɗaure, an ba shi hujjar da zai riƙe shekaru. Shawarar maƙwabciya ma haɗari ce. Mutumin da ke zargin ana sa masa guba, in ya ji ɗaci a shayi ko ya ga gari a gindin kofi, shi ke nan, zai iya daina cin komai daga hannunku. Ga shi kuma ba likitan da ya auna masa, ba wanda zai gane in maganin ya yi masa illa.

Akwai lokacin da ba a jiran yardarsa. In ya fara maganar kashe kansa, ko ya ce muryoyin na umartarsa ya cutar da wani, ko ya ɗauki makami, ko ya ƙi ruwa kwana ɗaya cur, a kai shi asibiti a ranar. Haka ma mai jegon da ta ruɗe cikin makonnin farko bayan haihuwa: kada a bar ta ita kaɗai da jariri, kada a jira a fita wanka. A samu maza uku ko huɗu masu sanyin kai, mutum ɗaya ne zai riƙa magana, ba duka, ba zagi, a gaya masa inda za a kai shi da dalili. Tun yau kuma a kwashe maganin ƙwarin gona da na ɓera daga ɗaki a kulle, a fitar da bindiga daga gidan in akwai, a sa ido in ya nufi kogi ko tur'a, wato magudanar ruwan noma, da dare. Tambayar mutum kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa ba ta cusa masa tunanin. Sau da yawa sauƙi take kawo masa.

Ku fara da asibiti mafi kusa, a auna jini, a kawar da zazzaɓi da sukari, a rubuta muku takardar turawa zuwa inda likitan ƙwaƙwalwa yake, Sinnar ko Sinja ko Wad Madani. In ya ƙi tafiya, ke ki je ki ba da labari, ki riƙe takarda da kika rubuta yaushe abin ya fara, awa nawa yake barci, me yake faɗa.

Ranar da ya haɗiyi ƙwayar farko ba ita ce ƙarshen aiki ba, a nan ma iyalai da yawa ke tuntuɓe. Magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine da risperidone da olanzapine sukan kawo barci da natsuwa cikin kwanaki, amma muryoyi da zargi sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin su lafa. Suna da illa, kuma gara ku sani tun da wuri: sanƙarewar jiki, rawar hannu, dalalar miyau, kasa zama wuri ɗaya, yawan barci, ƙiba. Wani lokaci wuya kan murɗe ko ido ya kafe sama, abin ban tsoro amma akwai maganin da ke sake shi da sauri. In ya yi ƙorafin irin waɗannan, ku gaskata shi, ku koma a rage ko a sauya. Da yawa daga cikin waɗanda suka watsar da magani illar da ba wanda ya saurara ce ta kore su. Mai shan chlorpromazine ya rufe jikinsa da kansa a gona, domin yana sa rana ta ƙona fata, ya kuma yawaita shan ruwa. Zazzaɓi mai zafi tare da sanƙarewar jiki bayan fara magani kuwa na gaggawa ne, a koma asibiti nan take.

In haɗiyar ƙwaya kullum ta zama abin faɗa, ku tambayi allurar da ake yi sau ɗaya a mako biyu zuwa huɗu. Ga mai zaune nesa da gari ta fi sauƙi, kuma tana raba Inna da aikin gadi. Bayan ya samu sauƙi ana ci gaba da magani aƙalla shekara guda, wasu fiye da haka nesa, kuma likita ne ke janye shi a hankali. Tun da hanya kan yanke da damina kuma kantin magani kan wayi gari babu kaya, ku riƙa sayen na wata mai zuwa tun na hannu bai ƙare ba, ku rubuta sunan maganin da ƙarfinsa a takarda, ku ɗauki hotonta a waya. Kafin azumi a tambayi likita yadda za a mayar da sha zuwa dare.

Za a zo muku da shawarar a yi masa aure wai zai natsu. Kada ku yi yanzu, kada kuma a ɓoye wa dangin yarinya in lokacin ya zo. Abin da zai amfane shi a wannan mataki ƙaramin aiki ne da zai iya: ba awaki ruwa, rakiyar Kawu gona na awa ɗaya, sallar jam'i a masallacin unguwa in ya ji zai iya. A rage masa tsawa da gori, a kuma rage shagwaɓa shi kamar jariri.

Ke kuma, 'yar'uwa, kada ki ɗauki kayan nan ke kaɗai. Ku raba kwana tsakaninku, a samu mai karɓar Inna ta yi barci. Ku zauna da shi a lokacin da yake cikin natsuwa ku yi yarjejeniya: in ya kwana biyu a jere bai runtsa ba, ko ya fara rufe kansa a ɗaki, wa za a kira, wace mota za a nema, kuɗinta na hannun wa. A rubuta, shi ma ya riƙe kwafi.