Yadda Ake Shirya Taron Kwana na Matasan Coci Cikin Aminci

Da zarar makarantu sun tafi dogon hutu a watan Agusta, ƙungiyoyin matasan Katolika irin su CYON da masu hidimar Misa sukan shirya taron kwana biyu ko uku domin addu'a da koyon katikizim. Uwar da ta bar ɗanta ya kwana a wajen gida amana ta ba coci, kuma riƙe amanar nan shi ne darasin bangaskiya na farko da yaron zai koya. Ga yadda ake yi.

1. A nemi izini a rubuce. Bayan Fada ya amince, kowane yaro ya kawo takarda mai sa hannun iyayensa. Dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, komai tsawonsa. A takardar a rubuta lambar wayar iyaye da duk wata lalura, kamar sikila, asma ko farfaɗiya.

2. A tantance masu kula. Ba duk wanda ya ɗaga hannu ake ɗauka ba. A zaɓi waɗanda aka daɗe da sanin halinsu, in kuwa baƙo ne a tambayi cocin da ya baro. Iyaye daga Zumuntar Mata su kwana da 'yan mata, maza su kwana da samari. Kada babba ɗaya ya riƙe fiye da yara goma.

3. Kada babba ya keɓe da yaro. Wannan ƙa'ida ba ta ware kowa ba, har Fada da katikis da ɗalibin seminari. Mai ba da shawara ya zauna a gindin bishiya ko a baranda. Wurin furta zunubi ya kasance inda ido ke gani amma kunne ba ya ji. Haka ma a waya: saƙo ya bi ta zauren WhatsApp da akwai iyaye a ciki, ban da hirar dare da yarinya ita kaɗai.

4. A duba wuri da hanya. Sace ɗaliban makarantar Bethel Baptist da ke jihar Kaduna a watan Yulin 2021 ya nuna haɗarin kwana a bakin daji. A zaɓi wuri mai katanga a cikin gari, a sanar da 'yan sanda da mai unguwa, a yi tafiya da rana. Da yake damina ce, a tanadi gidan sauro da ruwa mai tsabta, a kuma samu ma'aikacin jinya. A kira suna safe da yamma.

5. A tsara koyarwa mai kama zuciya. A fara da Misa, sai karatun Littafi Mai Tsarki a ƙananan rukunai, da yamma a yi Rosari. A ajiye akwati inda za su jefa tambayoyi ba tare da suna ba, domin a nan ne maganar soyayya, shaye-shaye da cacar intanet ke fitowa. A koya musu cewa jikinsu mai daraja ne, kuma ƙin amincewa da babban da ya nemi taɓa su ba rashin ladabi ba ne.

6. A san abin yi in yaro ya kawo ƙara. A saurare shi a natse, kada a tsawata masa, kada a yi masa alkawarin ɓoyewa. A rubuta maganarsa yadda ya faɗa, a janye wanda ake zargi daga cikin yara nan take, a sanar da iyaye, a kai yaron asibiti, a kai rahoto ga 'yan sanda da ofishin Bishop. Dokar Vos estis lux mundi da Paparoma Francis ya fitar a 2019 ta wajabta wa kowace diyosis ta buɗe hanyar karɓar irin wannan ƙorafi.

Iyaye, ku tambayi wanda zai kwana da 'ya'yanku kafin ku sa hannu. Shugabanni kuma, kada ku yarda da "a rufa wa coci asiri". Mutuncin coci yana cikin kare yaro.