Ƙwayar Kwalara da Mai Gadin da Ke Jikinta

Hakimai da magatakarda sun san ciwon amai da gudawa, watau kwalara. Ya shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, kuma a 2021 ya kama mutum fiye da 100,000, Jihar Kano tana cikin inda ya fi tsanani. Wata ƙwaya ce ke kawo shi, mai siffar lauje, wadda ba ta ganuwa sai da madubin likita.

Abin lura shi ne, ƙwayar nan tana iya zama cikin ruwa ba ta zub da dafi. Sai ta isa hanjin mutum take tsiro da muguntarta. To, yaya take sanin ta iso?

A 1984 Miller da Mekalanos, masana a Amurka, suka gano wani furotin da suka kira ToxR. Fata biyu ƙwayar ke da ita, shi kuwa a kafe yake cikin ta ciki, kamar azara a jikin bango. Gaɓa uku gare shi. Ta waje tana tsakanin fatun biyu, ita ce ke jin ruwan matsarmama da ke zuba cikin hanji, kuma wani furotin, ToxS, yana riƙe da ita don kada ta lalace. Ta tsakiya siririya ce, ta ratsa fatar sau ɗaya tak. Ta ciki kuwa ita ce hannu, tana kama zaren gado na ƙwayar, inda aka ajiye umarnin ayyukanta.

Shi ToxR ba ya yin dafi da kansa. Shi da abokinsa TcpP suke tā da wani mai suna ToxT, kamar yadda hakimi kan aika wa dagaci, dagaci kuma ya tara jama'a. Sa'an nan ƙwaya ta fid da gashin da take manne wa hanji da shi, ta saki dafin da ke sa hanji ya tsiyaye ruwa da gishiri. Babban mutum kan iya mutuwa cikin yini guda.

Ga ƙasa irin ta Minjibir, inda gida ke kusa da gida, rijiya kusa da masai, kuma kogin Jakara ke kwaso dattin birnin Kano zuwa madatsar Wasai, hanyar ƙwaya zuwa hanji gajera ce ƙwarai, tun ba da damina ba. Lalle dagatai da masu unguwanni su sa ido a tafasa ruwan sha, a wanke kayan lambu, a ɗaga bakin rijiyoyi. In an ji gudawa mai kama da ruwan shinkafa, magatakarda ya rubuta sunan unguwa da rana, a kai rahoto asibiti nan da nan. Kafin a isa, a yi ta ba majiyyaci ruwan da aka tafasa lita 1, da sukari ƙaramin cokali 6, da gishiri rabin ƙaramin cokali.