Iliya a Gindin Itace: Darasi Kan Juyin Zuciyar Mai Fama da Sankarar Mama

A 1 Sarakuna sura 18, annabi Iliya ya tsaya shi kaɗai a Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450, wuta kuwa ta sauko bisa ga addu'arsa. A sura 19 sai ga shi a jeji, zaune a gindin wani itace, yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. Iyalin da ke jinyar mai sankarar mama sun san irin wannan juyi. Ranar Lahadi ta ba da shaida a gaban ikkilisiya da murya mai ƙarfi, ranar Laraba ta juya fuska ga bango, ba ta son ganin kowa.

Cutar ba baƙuwa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 an gano ta a jikin mata kimanin miliyan 2.3, ta kuma kashe wajen 670,000. A Najeriya ita ce sankarar da ta fi kama mata, da yawansu kuwa ba sa isa asibiti sai ta yi nisa. Tsoro yana cikin dalilan jinkirin. Mace takan ji ƙullutu a mama, ta yi shiru wata da watanni, alhali yawancin irin wannan ƙullutu ba sankara ba ne, wadda aka gano da wuri kuma sau da dama ana warkar da ita.

Nauyin zuciya yakan fara tun a kwanakin jiran sakamakon gwajin tsokar da aka ɗiba. Bayan likita ya faɗi sunan cutar, wata takan yi kamar ba ta ji ba, wata ta husata, wata kuma ta shiga lissafin wanda zai riƙe mata 'ya'ya. Idan an cire maman, akwai makoki na gaske, ko da aikin ya yi kyau. Da wannan mama ta shayar da 'ya'yanta. Gaya mata ta gode wa Allah tunda tana da rai gaskiya ne, amma gaskiyar da aka yi gaggawar faɗa takan rufe bakin mai baƙin ciki.

Wani sashe na wannan hawa da sauka daga jiki yake fitowa, abin da masu ziyara ba su cika sani ba ke nan. Ƙarin ruwan maganin da ake kira kemo yawanci akan yi shi bayan kowane mako uku. Kwanakin farko na tashin zuciya ne da kasala, sa'an nan ƙarfi ya dawo, sai kuma ranar komawa asibiti ta gabato da fargabarta. Gashi yakan zube, ko da yake yana sake tsirowa. Maganin da ake haɗawa don hana amai yana iya hana barci, ya sa saurin fushi. Ƙwayar tamoxifen, wadda wasu ke sha shekara 5 zuwa 10, takan kawo zafin jiki na farat ɗaya da sauyin hali. Ga kuma kuɗi da tafiya, domin na'urorin gashin sankara kaɗan ne a ƙasar, sai a manyan asibitoci irin na Ibadan, Legas, Abuja da Zariya. Wanda ya ga hawayen ranar Laraba ya ce bangaskiya ce ta raunana, ya yanke hukunci a kan abin da bai bincika ba.

Yadda Ubangiji ya bi da Iliya abin lura ne. Mala'ikan bai tsauta masa ba. Ya ba shi gurasa da ruwa, ya bar shi ya sake kwanciya, ya kuma ciyar da shi karo na biyu. Magana ta zo daga baya, a Horeb, bayan tafiyar kwana 40. Zumuntar Mata da ta kai kunu, ta wanke tufafi, ta raka 'yar'uwa layin asibiti, ta bi wannan gurbi. Abokan Ayuba ma sun fi amfani a kwana bakwai da suka zauna shiru da shi. Da suka buɗe baki neman laifinsa ne suka ɓata.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye kuka ba. Zabura 13 ta fara da ƙorafi ta ƙare da yabo, amma Zabura 88 ta fara cikin duhu ta ƙare cikin duhu, aka kuwa bar ta cikin littafin sujada. Ashe mai bi tana da izinin kai fushinta da tsoronta gaban Allah yadda suke. A Yohanna 9, Yesu ya ƙi ɗora makantar mutumin nan a kan zunubinsa ko na iyayensa. Saboda haka ba daidai ba ne a ce sankara horo ce ko jifa, balle a janye mara lafiya daga asibiti zuwa gidan addu'a. Sarki Hezekiya ya yi addu'a da hawaye, Ishaya kuma ya umarta a ɗora curin ɓaure a kan marurun (Ishaya 38:21).

Maigida yana da babban rabo a nan. Matar tana duban fuskarsa ranar da aka kwance bandeji. Cutar ba a ɗaukarta ta wurin taɓawa, ko cin abinci tare, ko kwanciyar aure, ƙaura daga ɗaki kuwa rauni ne na biyu. Shi ma yana bukatar wani dattijo da zai buɗe wa cikinsa. Yara kuma a gaya musu gaskiya daidai da shekarunsu, domin abin da aka ɓoye musu sukan cika shi da zato mafi muni.

Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu ba sassauci, ta daina ci, ta daina barci, ko ta fara zancen gara mutuwa, a sanar da likita tare da fasto, gama wannan ma ciwo ne mai magani. Haɗuwa da waɗanda suka bi ta hanyar yana taimako ƙwarai. Ƙungiyar BRECAN, wadda Betty Anyanwu-Akeredolu ta kafa a Ibadan a 1997 bayan ta yi fama da cutar, misali ce.

Lokacin da aka fi mantawa shi ne bayan an gama magani. An yi sujadar godiya, masu ziyara sun ɗauke ƙafa, ita kuwa kowane ciwon baya yana tuna mata cutar na iya dawowa. Makon da za ta koma asibiti a sake dubawa yakan yi mata nauyi har shekaru, ya kamata wani daga cikin gida ko ikkilisiya ya san ranar, ya raka ta.