Kafin Ɗalibai Su Hau Dandamali: Kiyaye Rayuka a Bikin Baje Kolin Ɗinki

Duk ƙarshen zangon karatu, makarantun koyon ɗinki da sassan zanen tufafi na kwalejojinmu kan shirya bikin baje kolin abin da ɗalibai suka ɗinka. Biki ne mai amfani. A nan ɗaliba ke nuna wa iyayenta cewa kuɗin da suka kashe bai tafi a banza ba, a nan kuma wata ke samun mai ba ta ɗinki na farko. Ni malamar ɗinki da zanen tufafi ce, shirya irin wannan taro yana cikin aikina shekara da shekaru. Abin da na lura da shi shi ne, idan aka zauna kafa kwamiti, za a naɗa mai kula da ado, da mai abinci, da mai sayar da kati, da mai kiɗa, da mai hoto. Da wuya ka ji an tambayi wa zai kula da lafiyar mutanen da za a tara. Kowa yana ɗauka aikin wani ne, har ranar ta zo babu mai shi.

Saboda haka gyaran farko shi ne a ɗora wa mutum ɗaya wannan nauyi, a rubuta sunansa, kowa ya san shi. Kada ya zama ɗalibin da yake da kaya a cikin bikin, domin hankalinsa na kan rigarsa. A ba shi mataimaka biyu ko uku, a kuma ba shi ikon da ya fi komai muhimmanci: idan ya ce a tsaya, a tsaya, ko da babban baƙo ne ke riƙe da lasifika. Aikinsa yana farawa makonni kafin bikin, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙofofi da yawan jama'a

A je ɗakin taron da wuri, a ƙirga ƙofofinsa, a buɗe kowace da hannu. Kada a wadatu da maganar mai ɗakin cewa duk suna aiki. Sau da yawa za ka tarar ƙofar baya an ɗaure ta da sarƙa da kwaɗo, ta gefe kuma an jibge mata karyayyun kujeru. A duba ko ƙofar waje take buɗewa ko ciki, domin wadda ke buɗewa ciki ba ta buɗuwa idan jama'a suka danno ta.

Akwai ɗabi'ar da ta zama ruwan dare a tarukanmu: a kulle duk ƙofofi a bar ɗaya, don kada waɗanda ba su sayi kati ba su kutso. Mu masu sana'ar ɗinki mun fi kowa cancantar jin tsoron wannan. A watan Maris na 1911 gobara ta tashi a wata masana'antar ɗinka riguna mai suna Triangle a birnin Niyok na Amurka, mutum 146 suka mutu, akasarinsu 'yan mata masu ɗinki. Daga cikin dalilan yawan asarar har da ƙofar da aka kulle don hana ma'aikata fita ba izini. Idan ana tsoron masu kutse, a tsayar da mutum a bakin ƙofa, amma kwaɗo ya sauka tun kafin baƙo na farko ya shigo.

Na sha ganin yadda makulli ke ɓacewa a daidai lokacin da ake nemansa. Ana kiran sallar la'asar, maigadi zai zura makullan a aljihu ya nufi masallaci, kuma bai yi laifi ba, ba wanda ya gaya masa komai. Shi ya sa nakan same shi tun da safe in ce, "Baba, don Allah yau ƙofofin nan uku a buɗe za su wuni, makullan kuma a bar su a hannun wannan malamin." Ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba.

Mutum idan ya firgita, ƙofar da ya shigo ta ita yake nufa, ko da akwai wata kusa da shi. Haka ta faru a gobarar wani gidan rawa a jihar Rod Ailan ta Amurka a 2003, inda mutum 100 suka mutu, da yawansu a cunkushe a hanyar babbar ƙofa. Don haka mai gabatarwa ya nuna wa jama'a dukkan ƙofofin da hannunsa kafin a fara, ya kuma maimaita bayan hutun rabin lokaci.

Kati kuma a buga shi daidai da yawan kujeru. A bar hanya mai faɗi tsakanin layuka, kada masu hoto su zauna a cikinta. Cunkoso idan ya kai mutum biyar a fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, ya shiga haɗari, domin ana iya danne ƙirjin mutum yana tsaye har numfashi ya gagare shi. Kada a yi sanarwar rabon kyauta ga waɗanda suka riga zuwa. Ba mu manta da turmutsutsun Ibadan na Disambar 2024 ba, inda yara 35 suka rasu a wajen wani taron da aka yi alkawarin rabon kyauta.

Bayan labule

Idon kowa yana kan dandamali, amma haɗarin ya fi yawa a ɗakin canza kaya. Ga yadda yake kasancewa saura rabin awa a fara. Ɗaki ƙarami, tagogi a rufe saboda masu leƙe. An rataye riguna a igiya daga bango zuwa bango, leshi da net da mayafai marasa nauyi. A ƙasa ga dutsen guga biyu a kan darduma, da na'urar busar da gashi, da cajar wayoyi, duk a jone a soket ɗaya mai doguwar waya. Wata tana fesa turare, wata tana fesa maganin kafe gashi. A lungu kuma ga kaskon turaren wuta da garwashi, an ɗora masa kabbasa ana turara kaya. Idan ka yi magana sai ka ji an ce, "Malama, minti biyu kawai, yanzu za mu kashe."

Lissafin a fili yake. Fulogi mai ƙafa uku irin namu iyakarsa amfiya 13, wato kusan wat 3,000 a wutarmu mai ƙarfin bolt 230. Dutsen guga ɗaya yana jan wat 1,000 zuwa 2,000, na'urar busar da gashi ma haka. Guga biyu da na'ura ɗaya sun riga sun wuce iyaka, balle soket ɗin kasuwa mai siririyar waya wanda ba ya ma kai wannan ƙarfin. Idan ka taɓa waya ka ji ɗumi, ko ka ji ƙaurin roba, a cire komai nan take.

Ƙa'idata a nan ba ta da sassauci. Guga a gama ta tun jiya. Ranar biki a bar dutse ɗaya, a kan tebur, a jone kai tsaye a bango, da mutum ɗaya mai kula da shi. Turaren wuta a yi shi a gida. Turaren feshi da na gashi suna kama wuta, a fesa su a waje ko a bakin taga.

Ya kamata kowane ɗalibin ɗinki ya san halin yadinsa a gaban wuta. Auduga, irin ta atamfa da shadda, tana ci da sauri ta bar toka. Yadin roba, wanda shi ne mafi yawan leshi da net da mayafan da ke kasuwa yanzu, narkewa yake yi ya manne a fata, ƙunarsa ta yi zurfi. Yadi kuma iya rashin kaurinsa da yawan iskar da ke ratsa shi, iya saurin cinsa. Idan wuta ta kama rigar mutum, kada ya gudu, gudu hura ta yake yi. Ya tsaya, ya kwanta, ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo mai kauri.

Abin da ya shigo yayi na tartsatsin wuta a gefen dandamali, da kyandir don ƙawata hanya, a haƙura da su a cikin ɗaki. A Satumbar 2023 wasan wuta a cikin ɗakin biki ya kunna rufi a garin Hamdaniya na Iraƙi, fiye da mutum 100 suka mutu a wajen ɗaurin aure. A tanadi tukunyar kashe gobara aƙalla biyu, ɗaya a ɗakin canza kaya, ɗaya kusa da kayan sauti, a duba allurarta tana kan kore, a kuma tabbatar akwai wanda ya iya amfani da ita. Gobarar wutar lantarki ba a watsa mata ruwa. Janareta ya zauna a fili, nesa da taga da ƙofa, domin gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi. Ba a ƙara masa mai yana aiki. A raba wa masu tsaron ƙofa tocila saboda ɗaukewar wuta.

Dandamali da masu tafiya a kansa

Idan kafinta ya gama haɗa dandamali, mai kula da lafiya ya hau ya taka ko'ina, ya duba kan ƙusa da katakon da ke lotsawa. Kafet a kafe shi, musamman bakinsa. Wayoyin sauti da na fitilu a bi da su ta gefen bango a manne da salatif mai ƙarfi. A ja farin layi a bakin dandamali da na matakala, domin fitila idan ta haske idon mai tafiya ba ta ganin inda katako ya ƙare.

A yi gwaji na ƙarshe da ainihin kayan da ainihin takalman. Yarinyar da ba ta saba da takalmi mai tsini ba, ranar biki ba ranar koyo ba ce. A goge ƙasan sabon takalmi da sanfefa don ya rage santsi, a rage tsawon rigar da ke shiga ƙarƙashin ƙafa. Kafin a sa wa kowa riga a laluba ta, teloli sun san yadda fil da allura ke maƙalewa a kalmasa.

Suma ita ce abin da na fi gani. Yarinya ta ƙi cin abinci tun safe don rigar ta zauna mata, an ɗaure ta tamau, ga zafi, ga tsoron jama'a. A sa kowa ya karya kumallo, a ajiye ruwa a ɗakin, a guji tsakar rana a watannin Maris da Afrilu. Wadda ta suma a kwantar da ita, a ɗaga ƙafafunta, a sassauta ɗaurin, a ba ta iska, kada a ɗura mata ruwa sai ta farfaɗo sosai. Tun lokacin gwaji a tambayi kowa a asirce ko yana da asma, sikila ko farfaɗiya, domin fitila mai walƙiya tana tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwonsu. Baƙin lalle da gam ɗin gashin ido a gwada su a ɗan wuri kwana biyu kafin biki, suna kumbura fatar wasu. Ƙuna kuwa maganinta na farko ruwa mai sanyi ne yana zuba a kai na minti 20. Ba man goge baki, ba ƙwai, ba manja.

Mutunci ma lafiya ne

Ɗakin canza kaya na mata daban, na maza daban, da babbar mace a bakin ƙofar na mata. Waya ba ta shiga a kunne. Hoto ɗaya da aka ɗauka ana tsakiyar canza riga, idan ya hau TikTok ko WhatsApp, ba mai iya dawo da shi. A nemi yardar kowace mai nuna kaya a rubuce kafin a yaɗa hotonta, ƙananan yara kuma yardar iyayensu. A samu izinin hukumar makaranta, a bi ƙa'idojin taro na jihar da ake ciki, a tashi da sauran rana, a kuma san yadda kowace ɗaliba za ta koma gida.

Safiyar ranar

Awa uku kafin buɗe ƙofa, mai kula da lafiya ya zagaya da takardarsa: ƙofofi, wayoyi, tukwanen kashe gobara, akwatin taimakon gaggawa, janareta. Daga nan ya tara kowa na minti goma, har da mai kiɗa da maigadi, a faɗi wa zai kashe sauti, wa zai kunna fitilu, wa zai kira waya, da filin da za a taru a ƙirga sunaye idan an fita. A manna lambar 112 da ta 'yan kwana-kwana da ta asibiti mafi kusa a bango. Mota ɗaya ta tsaya da mai a cikinta, tana fuskantar hanyar fita, direbanta yana kusa. Idan da hali a gayyato ma'aikaciyar jinya ta makaranta ko 'yan agaji, a kuma sanar da ofishin kashe gobara tun da sauran kwanaki.

Duk abin da na lissafa bai kai kuɗin adon ɗakin taro ba. Ina kira ga shugabannin makarantu da kada su sa hannu a takardar izinin biki sai sun ga sunan mai kula da lafiya a jikinta. Iyaye, ku tambayi 'ya'yanku ƙarfe nawa za a tashi da kuma wa ke kula da su. Ku kuma ɗalibai, in an hana ku kasko ko kyandir, ba ƙin ku ake yi ba. Allah Ya ba ku sa'a, Ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya.