Yaro Mai Naƙasa Tsakanin Uba Da Malami



Darasinmu na wannan mako a kan yaran nan ne da Allah ya jarrabce su da makanta, ko kurumta, ko gurgunta, da abin da ya wajaba a kan iyayensu da malamansu.

Farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makaho, wanda ya zo neman sani a lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake zance da manyan Ƙuraishawa. Daga baya wannan sahabi ya zama ladan tare da Bilal, har akan bar masa limancin Madina in an fita yaƙi. Ashe kuwa bai zauna a wani sahu dabam ba. Haka ma a makarantunmu na allo, makaho kan zauna cikin 'yan'uwansa, ana biya masa yana riƙewa har ya haddace. Saboda haka haɗa masu naƙasa da sauran yara a aji ɗaya ba baƙon abu ba ne a gare mu.

Hukuma ta yi nata gwargwado. A shekarar 2007 Gwamna Sule Lamido ya yanka wa naƙasassun Jigawa Naira 7,000 a kowane wata. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci, wadda ta ba su ilmi kyauta har sakandare. A nan Haɗejiya kuma akwai makarantar kurame. Amma makaranta ɗaya ba za ta ɗauke yaran Auyo da Guri da Kirikasamma da Kafin Hausa duka ba. Mafi yawansu firamaren garinsu ce gatansu, in ma an kai su.

To, a nan ne aikin yake. Uwar kurma ta san alamar da ɗanta yake yi in yana jin ƙishirwa ko tsoro, domin tun yana goye suke maganar hannu. Malami bai san wannan ba, sai an gaya masa. In uba ya ɓoye larurar ɗansa don kunya, malami zai ɗauki yaron daƙiƙi, ya yi ta tsawa ga wanda ba ya ji, alhali da an zaunar da shi a gaba, malami ya riƙa fuskantarsa yana magana, da ya gane. Shi ma malami bai kamata ya jira a zo masa ba. Ya taka har zaure, ya tambaya, ya nuna wa na gida abin da za su maimaita wa yaro da dare. Ni a ganina, uban da ya tura makahon ɗansa bara, ga makaranta a ƙofar gidansa, ya ci amana.

Ga kuma sha'anin ruwa. A ambaliyar 2020 da ta 2022 Kogin Haɗejiya ya yanke hanyoyi, makarantu da dama suka zama mafakar jama'a. Mai ƙafa yakan koma aji da zarar ruwa ya ja, amma keken gurgu ba ya tafiya cikin taɓo. Sai iyaye da malamai su zauna tun kafin Agusta, su san wanda zai riƙa ɗauko shi, da wanda zai kai masa darasi gida ranar da hanya ta ƙi.

Wassalam, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.