Filin Gwaggo: Zuciyar Umma da ƙwayoyin da aka aiko daga Kano

'Yarki ce daga Azare. Ummata ta haura sittin, tana da hawan jini, kuma ta daɗe tana shan maganin sa fitsari da omeprazole na olsa. 'Yan watannin nan ƙafafunta na riƙewa cikin dare, ga kasala, wani lokaci ta ce zuciyarta na tsalle. Yayana da ke Kano ya ga bidiyo a Facebook ana cewa rashin magnesiyam ne ke kawo hawan jini, sai ya aiko da kwalbar ƙwayoyi, ya ce ta ajiye maganin asibiti. Umma ba ta ƙetare maganarsa, ni kuma ƙanwa ce. Yaya zan yi?

'Yata, Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya yi miki albarka. Kada ta ajiye maganin hawan jininta ko da na kwana ɗaya ne, sai da izinin likita. Akwai gaskiya a maganar Yayanki, amma ya kai ta inda ba ta kai ba.

Kowane bugun zuciya da 'yar wutar lantarki yake tashi, wadda ke samuwa daga shiga da fitar sodiyam da potasiyam da kalsiyam a ƙwayoyin halittar tsokar zuciyar. Famfon da ke mayar da potasiyam ciki ya fitar da sodiyam ba ya aiki sai da magnesiyam. Idan magnesiyam ya yi ƙaranci, ƙoda ma sai ta riƙa zubar da potasiyam a fitsari, har likita ya yi ta ba majiyyaci potasiyam ya ƙi hawa, sai an gyara magnesiyam tukuna. Daga nan bugu ke rikicewa. A jijiyoyin jini kuwa, magnesiyam tamkar mai gadin ƙofa yake ga kalsiyam. Mai gadi na yin rauni, kalsiyam zai kwararo cikin tsokar bangon jijiya, ta tsuke, awo ya hau. Gwaje-gwaje kan dabbobi da ƙwayoyin halitta sun kuma nuna cewa shimfiɗar nan mai laushi ta cikin jijiya tana fara kumburi, fararen ƙwayoyin jini na manne mata, wanda shi ne mafarin taruwar kitse da taurin jijiya.

To amma da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi kan mutane a 2016, abin da ƙwayar magnesiyam ta rage a awon jini bai wuce kamar maki 2 ba. Wadda awonta ke kai 170, me maki 2 zai yi mata? Shanyewar ɓarin jiki nake jiye mata in ta ajiye maganinta.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne magungunan nan biyu. Masu sa fitsari irin su furosemide da hydrochlorothiazide suna fitar da magnesiyam da potasiyam. Omeprazole kuwa yana hana hanji tsotsar magnesiyam, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2011 kan masu shansa fiye da shekara. Mu kuwa da zarar ƙirji ya yi zafi sai kemis, a saya a yi ta sha shekara da shekaru ba wanda ya sake duba mu. Wannan ɗabi'a tana ba ni tsoro ƙwarai.

Ki zuba duk magungunan Hajiya a leda, har da kwalbar Kano, ki kai ta asibitin gwamnatin tarayya da ke nan Azare. Ki roƙi a auna gishirin jini da aikin ƙoda, a yi mata gwajin bugun zuciya na ECG. Ki faɗa wa likita tsawon lokacin da ta yi tana shan kowanne, domin abin da ke yawo a jini bai kai kashi 1 cikin 100 na magnesiyam ɗin jiki ba, fiye da rabi yana cikin ƙashi, don haka awo kan iya fitowa lafiya alhali rumbun ya yi ƙasa. Kada ta taɓa ƙwayoyin nan kafin a ga ƙodarta. Ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da rarar magnesiyam, sai ya taru ya rage bugun zuciya da numfashi. Idan ta suma, ko ƙirji ya riƙe, ko numfashi ya yi wuya, ko tsakar dare ne ku tafi.

Idan ƙoda ta fito lafiya, sauran aikin na madafi ne. Mace mai shekarunta na bukatar kimanin miligiram 320 na magnesiyam a rana, kuma ƙasarku ta Katagum ba ta rasa shi ba. Giram 100 na riɗi na ɗauke da kusan 350, gyaɗa kusan 170, wake ma haka. Ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ga alayyahu, kuka, agushi da alale. Inda muke asara shi ne wurin surfe: yawancin sinadarin a dusa yake, mu surfe gero tas mu ba akuya dusar, sannan mu koma kan farar shinkafa da taliya. A sassauta surfen, a jiƙa hatsi da wake su kwana kafin a dafa, a rage gishiri da magi da kanwa.

Shi kuma Yaya, kada ki ce masa ya yi kuskure. Ki gode masa, ki ce za ki nuna wa likita ƙwayoyin don a san yadda za ta sha, ki kira shi a waya kuna gaban likitan ya ji da kunnensa. In ya dage, ki sa Kawu ko Baffa a maganar.

*

Gwaggo, ina gaisuwa daga garin Katagum. Maiɗakina ta yi jijjiga lokacin haihuwa, aka yi mata allurar magnesiyam. Shin rashinsa ne ya jawo, in riƙa saya mata ƙwayar?

Malam, barka da arziki, Allah ya raya. Allurar nan magani ce ta tsayar da jijjiga, ba shaidar cewa abincin gidanka ya gaza ba ce. Wani babban gwaji da aka buga a 2002, kan mata kusan 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi ga masu hawan jinin ciki. Ƙwayar kemis ba ta yin wannan aikin. A ci gaba da auna jininta har bayan arba'in, a janye mata kunun kanwa, kuma cikin gaba ta fara zuwa awo da wuri, ta gaya wa ma'aikatan asibiti cewa ta taɓa yin jijjiga.