Ciwon Diddige da Gwiwar Hannu: Allura ko Na'ura?

Ɗan'uwa, idan ka tashi da asuba ka taka ƙasa sai ka ji diddigenka kamar an caka maka ƙaya, ya ɗan lafa bayan ka yi tafiya, wannan darasi naka ne. Haka ke ma 'yar'uwa, da gwiwar hannunki ke zafi in kin ɗaga taɓarya ko kin matse wanki. Yawanci ba ƙashi ne ya lalace ba. Jijiyar da ke manne da ƙashin ce aiki ya gajiyar.

Sau da yawa masu wannan ciwo sukan ce mini, "Malama, a yi mini allura kawai." Kafin ku nemi allura, ku san waɗannan abubuwa.

Allurar kotizon

Likita ne ke yin ta, daidai wurin da ke ciwo. Cikin 'yan kwanaki zafin yakan ragu, amma ba ta gyara jijiyar. Bayan wata ɗaya ko biyu ciwon yana iya dawowa. In aka yawaita ta, jijiyar takan yi rauni har ta tsinke, kitsen da ke ƙarƙashin diddige kuma ya zube. Shi ya sa ba a cika wuce allura 3 a wuri ɗaya cikin shekara ba. Mai ciwon sukari ya faɗa wa likita tukuna, domin takan ɗaga sukari na wasu kwanaki. Kada ku yarda mai tallan magani ya yi muku ita, don ƙwayar cuta na iya shiga wurin ya yi ruwa.

Na'urar bugun jijiya

Asalinta daga na'urar fasa tsakuwar ƙoda ne, wadda aka fara aiki da ita a Jamus a 1980. Ba a huda fata. Ana shafa mai, a ɗora kan na'urar a wurin, ta riƙa bugawa da sauri na 'yan mintoci don ta zuga jiki ya gyara jijiyar. Akwai ɗan zafi. Akan yi sau 3 zuwa 5, mako-mako. Sauƙinta a hankali yake zuwa, wani sai ya kai wata 3, wani ma ba ta yi masa aiki. Ba a yi wa mai ciki ko mai shan maganin tsinka jini. Sai a manyan birane ake samun ta, kuma da tsada.

Ku fara da wannan

Mafi yawan masu ciwon diddige suna warkewa cikin shekara ba allura, ba na'ura. Ku dafa bango, ku mayar da ƙafa mai ciwo baya, diddige a ƙasa, gwiwa a miƙe, ku karkata gaba ku ƙirga 30. Ku yi sau 3, safe da yamma. Ku sa takalmi mai taushi, ku bar yawo ba takalmi a kan siminti. Mai ciwon hannu ta samu mai taya ta daka na ɗan lokaci. Sannu ba ta hana zuwa.

In an yi watanni ba sauƙi, ku dawo mu duba wanda ya dace da ku. Amma in wurin ya kumbura, ya yi zafi, ko da zazzaɓi, ku zo ranar nan. Allah ya ƙara mana lafiya.